Filin Tambaya da Amsa: Awo da Ƙididdiga a Binciken Gudanarwa

Yawancin wasiƙun wannan karon daga ɗaliban digiri na biyu da na uku suke a fannin gudanarwa, sai kuma jami'an da ke kula da harkokin ma'aikata. Mun taƙaita tambayoyin, mun sakaya sunayen masu aikowa.

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. Na auna gamsuwar ma'aikata da aikinsu da tambayoyi biyar, ana amsa kowace daga 1 zuwa 5. Alfa na Cronbach, ma'aunin yadda amsoshin tambayoyin ke tafiya tare, ya fito 0.62, malamin da ke duba aikina kuma ya ce sai ya kai 0.70. Manhajar lissafi ta SPSS ta nuna idan na cire tambaya ta uku zai haura zuwa 0.71. In cire ta?
Daga wata ɗalibar digiri na biyu

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Dakata tukuna, kada ki cire. Koma kan bayanan da kika shigar ki duba layin tambaya ta uku. Lamba ɗaya da aka buga ba daidai ba, kamar 55 a maimakon 5, ko 9 da aka sa wa wanda bai amsa ba aka manta ba a sanar da manhajar ba, ta isa ta karya alfa. Daga nan ki karanta tambayar da kanta. Sau da yawa ita ce wadda aka rubuta a juye, misali "Nakan ji kamar in ajiye aikin nan", a tsakiyar tambayoyi huɗu masu yabon aiki. Irin wannan sai an juya makinta kafin a yi lissafi: a ɗebe kowace amsa daga 6, wato 5 ta koma 1, 4 ta koma 2. Ko an juya ma takan yi rauni, domin mai cike takarda cikin gaggawa ba ya lura cewa akalar magana ta sauya.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, to ki san abin da alfa yake faɗa miki. Lee Cronbach ya fito da shi a 1951, kuma abu biyu ne ke ɗaga shi: matsakaicin alaƙar da ke tsakanin tambayoyin, da yawan tambayoyin. Alfa 0.62 a kan tambayoyi biyar yana nufin matsakaicin alaƙarsu kusan 0.25 ne. Da tambayoyi bakwai ne masu wannan alaƙar, da alfa ya kai 0.70 ba tare da komai ya gyaru ba. Tambayoyi ashirin masu alaƙar 0.20 kacal za su ba ki 0.83. Saboda haka babban alfa ba shaida ba ce cewa tambayoyin abu ɗaya suke aunawa, balle a ce abin da kike nufi suke aunawa. Sikelin da ke ƙara kilo biyu a kan kowane awo ba ya saɓa wa kansa, amma kullum ƙarya yake yi.

Ita kuwa 0.70 ɗin, ana jingina ta ga Nunnally a 1978, amma shi ya ba da ita ne ga bincike na matakin farko. Ga binciken da ya zauna da gindinsa ya ce 0.80, inda kuma za a yanke hukunci a kan mutum guda, kamar ɗauka aiki, ya ce 0.90 ko fiye.

Hasarar da ƙaramin alfa ke jawowa ana iya lissafa ta, tun daga aikin Spearman na 1904. A ce ainihin alaƙar gamsuwa da ƙwazo 0.50 ce, ma'auninki yana da 0.62, na ƙwazo yana da 0.80. Ki ninka 0.62 da 0.80, ki ɗauki tushen murabba'insa, za ki samu kusan 0.70. Ki ninka da 0.50: alaƙar da za ki gani a bayananki kusan 0.35 ce. Wannan ita ce matsalar gaske, kuma cire tambaya don lamba ta haura a samfur ɗaya ba lallai ya warware ta ba, domin a wani samfur ɗin wata tambayar ce za ta zama gurguwar.

Ki cire ta in dalili biyu suka haɗu: alaƙarta da jimillar sauran ta gaza 0.30, kuma da kika karanta ta kin ga wani abu dabam take tambaya, kamar albashi alhali sauran a kan aikin kansa suke. Sai ki bayyana a rahoto cewa kin cire, da dalili, da alfa na kafin da na bayan cirewa. In kuwa ita kaɗai ce ke taɓo wani ɓangare na gamsuwa, cire ta zai ƙuntata ma'aunin. Ki lissafa omega na McDonald, wani ma'auni mai aiki irin na alfa, ki ɗora kusa da alfa, domin alfa yana ɗauka cewa duk tambayoyin nauyinsu ɗaya, abin da ba kasafai yake faruwa ba.

Tambaya: Ma'aikata ɗaya ne suka amsa tambayoyin halin shugabansu da na ƙwazonsu a takarda ɗaya. Na yi gwajin Harman, ginshiƙi na farko ya ɗauki kashi 34 cikin ɗari, bai kai 50 ba. Shi ke nan na tsira daga zargin cewa hanyar tattara bayanai ce ta kumbura alaƙar?
Daga wani ɗalibin digiri na uku

Amsa: Ba ka tsira ba, Malam. Gwajin Harman yana zuba duk tambayoyin wuri ɗaya ne ya ga ko ginshiƙi guda, wato ɓoyayyen abu ɗaya da ke bayan amsoshin, zai kwashe mafi yawan warwatsuwar amsoshi. Da wuya hakan ta faru ko da gurɓatar ta yi yawa, musamman in abubuwan da kake aunawa sun kai huɗu ko biyar. Podsakoff da abokan aikinsa, waɗanda maƙalarsu ta 2003 a Journal of Applied Psychology ita ce kowa ke ambata a nan, su da kansu sun ce gwajin ba shi da kaifi, kuma ba ya cire komai daga lissafi. Abin mamaki, su ɗin ake kafa hujja da su wajen kare shi.

Ga yadda ɓarnar take shiga. Ma'aikacin da ya tashi cikin farin ciki zai ba shugaba 5, ya ba kansa 5. Wanda ke tsoron takardar za ta kai teburin manaja zai yabi kowa. Wani kuma ɗabi'arsa ce ya yarda da duk abin da aka karanta masa. Dukkansu suna haifar da alaƙa tsakanin shugabanci da ƙwazo wadda ba daga shugabancin ta fito ba.

Maganin na ranar tsara bincike ne, tun ran gini tun ran zane. A raba majiya: ma'aikaci ya auna shugaba, shi kuma ƙwazo a samo shi daga mai duba aikinsa ko daga kundin ma'aikata, kamar kwanakin fashin aiki ko adadin abin da ya sayar. A raba lokaci: a tambayi abu na farko yau, na biyu bayan makonni, a haɗa takardun da lambar sirri. Za a rasa wasu masu amsa a zagaye na biyu, don haka a fara da mutane fiye da yadda ake buƙata. A kuma tabbatar wa masu amsa cewa shugabansu ba zai ga takardar kowa ba, kuma kada a bar shi shugaban ya raba ko ya karɓi takardun.

Tunda ka riga ka tattara, abin da ya rage kaɗan ne. In takardarka tana ɗauke da wasu tambayoyi da a hankalce ba su da wata dangantaka da shugabanci ko ƙwazo, amma an amsa su da irin ma'aunin, za ka iya amfani da su a matsayin alama, kamar yadda Lindell da Whitney suka bayyana a 2001: alaƙar da suka nuna da sauran ita ce ƙiyasin gurɓatar, sai a rage ta. In babu, ka faɗi gaskiya a sashen iyakokin bincike, ka sassauta iƙirarinka. Wani ɗan sauƙi: in hasashenka na cuɗanya ne, wato tasirin shugabanci yana sauyawa gwargwadon wani abu na uku, Siemsen da abokansa sun nuna a 2010 cewa irin wannan gurɓata ba ta ƙirƙiro cuɗanyar ƙarya, sai dai ta dusashe ta gaske.

Tambaya: Ina da ma'aikata 400 daga rassa 20 na kamfani ɗaya, kowane reshe mutum 20. Ina so in ga ko yanayin aiki na reshe yana shafar niyyar barin aiki. Rigireshan na yau da kullum ya ba ni ƙimar p ƙasa da 0.001, wato da wuya a ce sakamakon dace ne kawai. Mai bitar maƙalata ya mayar da ita ya ce lissafin bai yi ba. Ina laifin?
Daga wata malamar jami'a

Amsa: Mai bitar yana da gaskiya, Malama. Rigireshan na yau da kullum, wato lissafin da ke auna alaƙar wani abu da wani, yana ɗauka cewa mutum 400 ɗin nan babu ruwan kowa da kowa. Amma 'yan reshe ɗaya manajansu ɗaya, ofishinsu ɗaya, ƙorafinsu ma ɗaya, don haka amsoshinsu suna kama da juna. Shaidar mutum na ashirin a reshe ba sabuwa ba ce gaba ɗaya.

Mataki na farko, ki lissafa ICC(1) na niyyar barin aiki, wato kason warwatsuwar amsoshi da ke tsakanin rassa. A ce ya fito 0.10, wanda ba baƙon adadi ba ne a irin wannan bincike. Ki ɗebe 1 daga 20, ki ninka da 0.10, ki ƙara 1: 2.9. Ki raba 400 da 2.9. Mutanenki 400 ƙarfinsu na kusan mutum 138 ne masu zaman kansu. Gwargwadon kuskuren da manhaja ta ba ki ya kamata ya fi haka da kusan ninki 1.7, wato tushen murabba'in 2.9. Nan ƙaramar ƙimar p ɗinki ta samo asali. Kuma tunda yanayin aiki sifar reshe ce, abin da kike kwatantawa rassa 20 ne.

Mataki na biyu, kafin ki haɗa amsoshin mutane ki kira su yanayin reshe, sai kin nuna sun yi ittifaƙi. Ma'aunin rwg na James da Demaree da Wolf, na 1984, shi ne aka saba da shi. A ma'aunin 1 zuwa 5, in mutane suna amsawa barkatai warwatsuwar za ta zama 2.0. In a wani reshe kika samu 0.5, ki raba da 2.0, ki ɗebe daga 1, rwg ya zama 0.75. Ki yi wa kowane reshe nasa, ki kawo matsakaici da mafi ƙanƙanta. Sai ICC(2), mai nuna ko matsakaicin reshe abin dogaro ne: in ICC(1) na yanayin aiki shi ma 0.10 ne da mutum 20, zai ba da 0.69. Reshen da ittifaƙinsa ya yi ƙasa kada ki yi saurin jefar da shi. Wani lokaci rabuwar kan ita ce labarin.

Mataki na uku, ki yi lissafi mai hawa biyu, mutane a ƙasa, rassa a sama, da manhaja irin su lme4 a R, ko Mplus, ko sashen MIXED na SPSS. Ki raba makin kowane mutum gida biyu: matsakaicin reshensa, da tazararsa daga wannan matsakaicin. Ki shigar da su duka. Na farko zai amsa ko rassa masu kyakkyawan yanayi sun fi riƙe ma'aikata, na biyu ko wanda ya fi abokan aikinsa jin daɗin yanayin ya fi son zama. Tambayoyi biyu ne dabam, amsarsu ma tana iya saɓawa.

Rassa 20 sun yi kaɗan. Maas da Hox sun nuna a 2005 cewa rukuni 50 ko ƙasa da haka yana karkatar da ƙiyasin kuskure a hawa na sama. Ki yi amfani da REML, hanyar ƙiyasi da ta fi dacewa da rukuni kaɗan, tare da gyaran Kenward da Roger, kuma kada ki loda abubuwa fiye da ɗaya ko biyu a matakin reshe. In za ki ƙara bayanai, ƙarin rassa goma ya fi miki ƙarin mutum 200 a rassan da kike da su.

Tambaya: CFA ɗina, wato gwajin ko tambayoyi sun hau ginshiƙan da na tsara musu, ya ba da CFI 0.91 da RMSEA 0.08, ma'aunan dacewar tsari da bayanai. Manhajar AMOS ta kawo jerin shawarwarin gyara. Na haɗa kurakuran tambayoyi guda shida, CFI ya koma 0.96. Akwai matsala?
Daga wani ɗalibin digiri na biyu

Amsa: Akwai, Malam, kitso ka yi da ƙwarƙwata. Jerin nan lissafi ne kawai na inda za a sassauta tsarin don ya dace da wannan samfur ɗin, har da hayaniyar da ke cikinsa. Ka bi shi sau shida, ka ɗinka tsarin daidai jikin mutanen da suka amsa maka, wani samfur kuma ba zai shige shi ba.

Iyakokin da kake kora, CFI 0.95 da RMSEA 0.06 da SRMR 0.08, daga gwaje-gwajen Hu da Bentler na 1999 suka fito, a ƙarƙashin wasu sharuɗɗa na musamman. Jagora ne, ba doka ba. RMSEA ma yakan kumbura a ƙaramin tsari ko da tsarin daidai ne.

Ka warware haɗe-haɗen nan shida ka karanta tambayoyin bibbiyu. In biyu kusan kalmominsu ɗaya, ko su kaɗai ne a juye, ko tambaya ɗaya ce aka maimaita a lokaci biyu, kana da hujjar haɗa su, ka rubuta hujjar. In haɗe-haɗen sun taru a kan tambayoyi uku ko huɗu, alama ce akwai ginshiƙi na biyu da ba ka sa ba. In tambaya ɗaya ce ke bayyana ko'ina, ita ce mai matsalar. Idan mutanenka sun kai 500, raba su biyu ta ƙuri'a, ka yi gyara a rabi, ka gwada a ɗaya rabin. Ka kuma duba ko ginshiƙan sun bambanta da juna: HTMT, ma'aunin kusancin ginshiƙai biyu, in ya haura 0.85, ko 0.90 ga abubuwa makusanta, yana nuna sunaye biyu ka ba abu ɗaya.

Tambaya: Hasashena shi ne adalcin shugaba yana haifar da amincewa, amincewa kuma tana haifar da ƙwazo. Matakan Baron da Kenny zan bi, ko manhajar PROCESS?
Daga wata ɗalibar digiri na uku

Amsa: Matakan Baron da Kenny na 1986 an wuce su ta fuska biyu. Na farko, saɓanin matakinsu na farko, ba dole ba ne sai adalci ya nuna alaƙa kai tsaye da ƙwazo kafin a ci gaba, domin hanyoyi biyu masu karo da juna suna iya kashe juna a jimilla. Na biyu, abin gwadawa shi ne ninkin hanyoyin biyu: in daga adalci zuwa amincewa 0.40 ne, daga amincewa zuwa ƙwazo 0.30, tasirin da ya bi ta tsakiya 0.12 ne. Gwajin Sobel, wanda aka saba gwada ninkin da shi, yana ɗauka cewa wannan ninkin yana rarrabuwa daidai wa daida hagu da dama, alhali a karkace yake. Don haka ki sa manhaja ta maimaita ɗiban samfur daga bayananki sau 5,000, ki duba tazarar amincewa ta kashi 95 cikin ɗari. In sifili ba ya ciki, akwai tasiri. PROCESS na Hayes yana yi, lavaan na R ma yana yi, kuma shi lavaan zai iya cire kuskuren awo.

Amma babbar tambayar ba ta manhaja ba ce, Malama. In rana ɗaya kika auna duka ukun, lissafin bai san wanne ya riga wanne ba. Ki juya kibiyoyin, ki ce ƙwazo ne ke jawo amincewa, amincewa ta sa a ga shugaba adali, bayanan za su karɓa kamar yadda suka karɓi na farko. Maxwell da Cole sun nuna a 2007 cewa ƙiyasin da aka yi daga awon lokaci ɗaya yana iya yin nesa ƙwarai da abin da ke faruwa a tsawon lokaci. Ki auna sau uku, kowane abu a kowane zagaye, don ki riƙe matakin da mutum yake a baya. In ba hali, ki rubuta "bayanan sun yi daidai da hasashen", kada ki rubuta "yana haifarwa".

Tambaya: Kamfaninmu yana da ma'aikata a ƙasashe biyu, mun fassara takardar jin ra'ayi. Ƙasa ɗaya ta samu 4.1 a sadaukarwa ga aiki, ɗayar 3.6. Za mu iya cewa na farkon sun fi sadaukarwa?
Daga wani jami'in kula da ma'aikata

Amsa: Ba yanzu ba, Malam. Fassara a mayar da ita harshen asali ta hannun mutum na biyu, hanyar da Brislin ya bayyana a 1970, tana kama kurakuran ma'ana, amma ba ta tabbatar da cewa 4 a nan ita ce 4 a can. Wasu al'ummu sun fi son zaɓen ƙarshen ma'auni, wasu suna lafewa a tsakiya.

Ana gwadawa hawa uku da CFA na rukuni biyu. Na farko, tambayoyi iri ɗaya su hau ginshiƙai iri ɗaya a ƙasashen biyu. Na biyu, a tilasta nauyin kowace tambaya ya zama ɗaya. In ya tsaya, kuna iya kwatanta alaƙoƙi. Na uku, a tilasta mafarin kowace tambaya ma ya zama ɗaya. Sai wannan ya tsaya ake kwatanta matsakaici, wanda shi kuke so. A kowane hawa, in CFI ya faɗi da fiye da 0.01, ƙa'idar Cheung da Rensvold ta 2002, an samu saɓani. Ku nemo tambayar da ta jawo shi, ku ƙyale ta ta bambanta, ku riƙe sauran, sannan ku kwatanta matsakaicin ginshiƙin a cikin tsarin maimakon jimillar maki. Wani lokaci tazarar 0.5 ɗin nan tambaya ɗaya ce ta ɗauko mafi yawanta.

Tambaya: Wasu sun tsallake tambayoyi. In goge su, ko in cike gurbin da matsakaici?
Daga wani mai karatu

Amsa: Ko ɗaya. In tambayoyi 20 ne, kowace kashi 3 cikin ɗari suka tsallake ta nan da can, goge duk mai giɓi zai bar maka kusan kashi 54 cikin ɗari: mutum 300 su koma kusan 163. Waɗanda suka rage kuma ba lallai su wakilci sauran ba, domin wanda ya tsallake tambayar shugaba sau da yawa shi ne mai ƙorafi. Cikewa da matsakaici kuwa yana tsuke warwatsuwa ya raunana alaƙa. Ka yi amfani da FIML, hanyar da ke aiki da duk amsoshin da aka samu ba tare da goge kowa ba, in SEM kake yi, wato lissafin alaƙoƙi tsakanin ginshiƙai, ko cike gurbi da ƙiyasi sau da yawa, kwafi 20 ko fiye, ka sa shekaru da matsayi da daɗewa a aiki cikin ƙiyasin. Ka kawo kason giɓin kowace tambaya a rahoto.

Tambaya: Mutum 60 kawai na samu. An ce SmartPLS, wani shirin lissafi, ba ya damuwa da ƙaramin samfur. Haka ne?
Daga wata mai karatu

Amsa: Zai fitar miki da lambobi, wannan gaskiya ne, amma ba zai ƙara wa mutum 60 ƙarfi ba. Don a kama alaƙar 0.30 da yiwuwar kashi 80 cikin ɗari, a ƙimar p ta 0.05, ana buƙatar kusan mutum 85, alaƙar 0.20 kuma kusan 195. Da 60, ki rage hasashenki zuwa biyu ko uku, ki yi rigireshan mai sauƙi da matsakaicin makin kowane ma'auni, ki kawo tazarar amincewa kusa da kowane ƙiyasi don mai karatu ya ga faɗinta. Kafin zagaye na gaba ki buɗe manhajar G*Power, kyauta ce, ki sa girman alaƙar da binciken baya ya samu, ta faɗa miki mutum nawa za ki nema.